Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Masu Tsofaffin Bindigogin Farauta

Assalamu alaikum, 'yan uwa mafarauta na nan Texas da kewaye.

Ga lokacin farautar barewa ya ƙarato, watan Nuwamba na bakin ƙofa, kuma tun yanzu waya ta fara ƙara ana neman ɗurin harsashi, wato mu sake cika kwanson da aka harba da albarushi da sabon kai. To bana akwai canji: duk bindigar da ba mu riƙe da hannunmu mun auna ba, ba za mu ɗura mata harsashi ba. Ko da ta tsohon abokin cinikinmu ce.

Abin da ya jawo haka ya faru ne bara. Wani bawan Allah da muke ɗura wa harsashin bindigarsa Mauser mai awon 8x57 ya ba ƙaninsa aron guda biyar, tunda shi ma Mauser gare shi, ita ma mai 8x57. Harbin farko sakatar da ke kulle harsashi a cikin bindigar ta cije. Da aka kawo mana, sai da muka sa guduma ta roba kafin ta buɗe, kwanson ya kumbura, gindinsa ya yi baƙi. Allah ya tsare idon yaron. Ashe bututun bindigar ƙanin tsohon awo ne. Harsashin da Jamus ta fito da shi a 1888 kaurin kansa inci .318 ne, a 1905 sojojinsu suka koma .323, amma maƙeran bindigar farauta suka ci gaba da ƙera tsohon awon shekaru da yawa bayan nan. Ido ba ya ganin wannan bambanci, bututu kuwa yana jin sa.

Mu da ke wannan sana'a muna son tsofaffin bindigogin nan masu sakata, musamman Mauser 98 da Winchester Model 70 na kafin 1964, kuma mun san dalilin da ya sa kuke zuwa wurinmu. Harsashin kanti an yi shi ne don ya shiga kowace bindiga mai awonsa. Namu na bindiga ɗaya ne tak. Kwanson da aka taɓa harbawa a cikinta ya riga ya ɗauki siffar cikinta, albarushin muna auna shi ɗaya bayan ɗaya a ma'auni, mu gwada, mu dawo mu gyara, har harbi uku ko biyar su taru wuri guda a yadi 100. Wani lokacin sai mun je filin gwaji sau huɗu. Ranar da bindigar da ta girmi mahaifin mai ita ta tara harbinta cikin faɗin inci ɗaya da rabi, wallahi da murna muke komawa gida. Amma wannan dacewar ita ce ke sa harsashin ya zama haɗari a wata bindigar.

Masu Springfield 1903, ku duba lambar jikinta. In ƙirar Springfield Armory ce kuma lambar ba ta kai 800,000 ba, ƙarfen wasunsu gautsi ne da shi, ba za mu ɗura mata ba. Lee-Enfield kuma tana miƙar da kwanso, don haka za mu riƙa zubar da nata da wuri.

Daga yanzu kowane kwali zai fito da lambar bindigar da aka yi shi dominta. Awon farko kyauta ne, bai wuce rabin awa ba. Masu tambayar ko za mu aika wa 'yan uwa a gida Najeriya ko Nijar, a yi haƙuri, doka ta hana, lasisinmu ma bai kai nan ba.

Ku kawo su kafin tsakiyar Oktoba, don mu samu lokacin gwaji.

Naku,
Masu shago da ma'aikata