Don Allah ku waiwayi fursunonin layin dogon Bama

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka.

Ni dai shirinku na tarihi ba ya wuce ni, ko a shago nake sai na ƙure murya. To amma wanda kuka yi kan yaƙin duniya na biyu gaskiya ya bar ni da ƙorafi, daga farko har ƙarshe Hitila, Jamus, Rasha, Ingila, ko leƙa gabas ba ku yi ba, alhali mu nan inda yaƙin ya fi taɓa mu can ne. Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, ɗan Bama ne, wato cikin sojojinmu da aka kai yaƙi ƙasar Bama (Burma), muna yara in aka fara ruwan sama mai ƙarfi sai ya yi shiru ya ce wannan ai yayyafi ne, ku ba ku ga ruwa ba. Ba ya ƙara komai a kai.

Neman sanin abin da ya ƙi faɗa mana ne ya kai ni ga labarin wani sojan Ostareliya, Edward Dunlop, kuma shi nake roƙo ku yi mana shiri a kansa. E, Dunlop dai irin na taya da silifas, har ma daga nan abokansa suka laƙaba masa suna Weary wato gajiyayye, don a Turanci taya da gajiya lafazinsu ɗaya ne. Mutumin kuwa ba gajiyayye ba ne, ƙato ne dogo, har ya buga wa ƙasarsa ƙwallon zari-ruga. An haife shi a 1907 a jihar Victoria, ya fara da haɗa magunguna kafin ya karanta likitanci a jami'ar Melbourne, yana Landan yana ƙaro ilimin tiyata yaƙi ya ɓarke a 1939 ya shiga soja. Ya yi Girka, ya yi Tobruk a Libiya, sannan aka kwaso su zuwa tsibirin Java a farkon 1942.

A can Bandung yana riƙe da asibitin soja Japanawa suka ci tsibirin a watan Maris, bai gudu ya bar majinyatansa ba, aka kama su tare. Akwai wani ɗan Ingila da bam ya makantar kuma ya cire masa hannu biyu, sojan Japan suka ga ba shi da amfani za su soke shi da banati, likitan nan ya shiga tsakani ya tsaya ƙyam har suka fasa. Makahon ya rayu ya koma gida ya tsufa.

Janairun 1943 aka ɗebe shi da mutum wajen 900 a ƙarƙashinsa aka kai su Tailan aikin layin dogo, kilomita 415 ta cikin ƙungurmin daji da duwatsu zuwa Bama. Malam Edita nan ne fa igiyar ta haɗu da mu, don an gina layin ne saboda a riƙa kai wa sojan Japan da ke Bama abinci da harsashi, su kuma su ne waɗanda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka je suka gwabza da su a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Ni kullum ina wuce barikin Chindit a nan Zariya, wanda ya ci sunan wata rundunar da ta yi yaƙin Bama, amma tambayi samari goma ma'anar sunan ka ji abin dariya.

Aikin kuwa ba a cewa komai. Da guduma da ƙarfe suke fasa dutse, ɗaya ya riƙe ɗaya ya buga, a zuba nakiya, a kwashe da kwando, ga damina, ga yunwa, abinci 'yar shinkafa, takalma sun ruɓe sai ƙafa zalla cikin taɓo. Akwai wata yankar dutse da suke aiki har dare da hasken wuta, fursunonin suka sa mata suna mashigar Jahannama. Zazzaɓin cizon sauro, atuni, kumburin yunwa, gyambo mai cin nama har ƙashi, sannan kwalara ta shigo. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda likitocin suka yi aiki ba kaya. Cokali ake wasawa a kankare gyambo mutum huɗu na danne da mai ciwon. Ruwan ƙari kuwa su suke tace shi su sa gishiri, su haɗa da gora da robar abin sauraron ƙirji su ɗura wa mai kwalara, ƙafar da aka yanke a sassaƙa mata ta katako da gora. Kuma kullum da safe sai an yi rigima da masu gadi kan wa zai fita aiki, su suna son adadi ya cika ko da a ɗauke za a kai mutum, shi yana cewa wannan ba zai tashi ba, ya sha duka a kan haka ba sau ɗaya ba. Wani ɗan kasuwa ɗan Tailan, Boon Pong, shi ke shigo musu da magani a ɓoye cikin kayan da yake kawowa sansani, in da an kama shi sai dai wani ba shi ba.

An gama layin a Oktoban 1943. Fursunonin yaƙi kusan 60,000 suka yi aikin, sama da 12,000 suka mutu, 'yan Ostareliya a ciki wajen 2,700. Amma don Allah in za ku yi shirin kar ku tsaya kan Turawa kaɗai, leburorin Asiya da aka tilasta, mutanen ƙasar Bama da Tamil da mutanen Java, su ne suka fi mutuwa, ana ƙiyasin kusan 90,000, kuma galibi ko sunayensu ba a rubuta ba. Wannan ɓangaren ni ya fi min kama da na kakana.

Dunlop ya koma gida bayan yaƙi a 1945 ya ci gaba da tiyata a Melbourne, yana bin haƙƙin tsofaffin fursunoni, kuma ya ce ya daina riƙe Japanawa a zuciya, ni dai ban san ko zan iya ba. Ya rasu a Yulin 1993, aka yi masa jana'izar ƙasa, aka kai wani sashe na tokarsa can yankar dutsen nan ta Tailan.

In kun amince ku sa shi kusa da 15 ga Janairu lokacin tunawa da 'yan mazan jiya, ku buɗe layi jikokin 'yan Bama su kira su faɗi abin da suka ji a gida. Mu dai lambar yaƙin kakanmu na nan cikin wani tsohon gwangwani a ɗakin gwaggona, in kuna so zan ɗauko hotonta in turo ta WhatsApp.

Na gode, a gaishe da abokan aiki.

Mai sauraronku daga Zariya