Tsohon da ya daina fita majalisa ba lallai gigin tsufa ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato yadda ake sakaci da ciwon damuwa a tsakanin dattawanmu.

Kowa ya san irin gidan. Baba ya rasa matarsa, 'ya'ya sun watse neman abinci. Sai ya daina fita majalisa bayan la'asar. Rediyonsa na rataye a ƙusa ba ya kunnawa, tuwon dare ya kwana a kwano, ƙarfe uku na dare idonsa biyu. A tambaye shi inda ya ajiye carbinsa, ya ce "ban sani ba". Nan take iyali su yanke hukunci: Baba ya fara gigin tsufa, sai haƙuri. Sau da yawa ba haka ba ne. Ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Akwai alamun da ke taimakawa wajen rarrabewa, ko da yake wani lokaci cututtukan biyu kan haɗu a mutum ɗaya. Mai damuwa shi da kansa yake kukan mantuwa, kuma iyali kan iya tuna lokacin da abin ya fara, makonni ko watanni. Mai ciwon mantuwa kuwa, wato ainihin gigin tsufa, a hankali abin ke shigarsa cikin shekaru, yakan ɓoye ko ma bai lura ba. Yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, ya rikita tsarin alwalar da ya shekara sittin yana yi, ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu. Idan kuma ruɗewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya asibiti a ranar, domin zazzaɓi, ciwon mafitsara ko faɗuwar sukari na iya jawo ta.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne binciken da masana a jami'ar UCL da ke Landan suka wallafa a 2022. Sun duba bayanan mutum 119,808 'yan shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka yi wa jinyar damuwa ta hanyar zantawa a Ingila tsakanin 2012 da 2019. Waɗanda suka samu sauƙi na haƙiƙa, yawan kamuwarsu da ciwon mantuwa daga baya ya yi ƙasa da kashi 12 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su samu ba. A 2023 suka sake yin irinsa a kan ciwon fargaba, raguwar ta kai kashi 17. A lura da kyau: duka ɓangarorin biyu sun je wurin jinya. Samun sauƙin ne ya bambanta su, ba zuwan kawai ba.

Ba za mu ɓoye raunin wannan hujja ba. Bincike ne na bibiyar bayanai, don haka bai tabbatar da cewa jinyar ce ta kare ƙwaƙwalwa ba. Mai yiwuwa wanda cutar mantuwa ta riga ta fara ci a ɓoye shi ne ya kasa amfana da zantawar tun farko. Sai dai wani bincike daga Denmak a 2023, a kan mutum kusan miliyan 1.4, ya nuna masu ciwon damuwa haɗarin kamuwarsu da ciwon mantuwa ya ninka fiye da sau biyu, har da waɗanda damuwar ta same su shekara ashirin kafin nan. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ma a 2024 ya sanya damuwa cikin abubuwa 14 da idan an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, tare da raunin ji, hawan jini, ciwon sukari, shan taba da kaɗaici. Mu dai a ganinmu, ko da gobe an gano jinyar ba ta kare kowa daga mantuwa, tsohon da ya koma cin abinci da barci ya ci riba.

To mece ce wannan jinya? Ba nasiha ba ce, ba kuma "ka yi haƙuri, haka Allah ya so" ba. Addu'a da ta'aziyya suna da gurbinsu, wannan kuma aiki ne mai tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri mai suna PM+, zama biyar, sau ɗaya a mako, minti 90 kowane zama, kuma ba sai likita ba. Ana fara auna damuwar da tambayoyi tara na PHQ-9, makin daga 0 zuwa 27. Goma zuwa sama alama ce ta neman kulawa. Ana koya wa mutum numfashi a hankali. Sannan a zaɓi matsala ɗaya tak wadda za ta warwaru, a lissafa mafita, a tsayar da abin da zai yi kafin mako mai zuwa. Sai mayar da shi harkokin da ya bari, daki-daki: yau zama a ƙofar gida minti goma, jibi jam'in azahar, mako mai zuwa ba awaki dusa da hannunsa. Ba a jira sai ransa ya so, domin motsi ne ke jawo sha'awa. A ƙarshe a sake aunawa. A tsarin Ingila, sai maki ya sauka da shida ko fiye ake cewa an samu sauƙi. A Zimbabuwe kakanni mata aka horar suna irin wannan aiki a kan benci a harabar asibiti, gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna yana aiki.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. Ɗa ya rako Baba, ya riƙa amsa tambaya a madadinsa, alhali ba zai faɗi abin da ke ransa a gaban ɗansa ba. A nemi ɗan ya jira a waje. Tsoho ba ya ji sosai, yana gyaɗa kai don kunya. A duba kunne tukuna, wani lokaci datti ne kawai ya toshe shi. A zo zama biyu a daina saboda kuɗin mota. Mafi muni, a wuce kemis a sayo diazepam ko amitriptyline don ya yi barci. Na farko yana kawo jiri da faɗuwa, ga sabo. Na biyu yana busar da baki, ya riƙe fitsari, ya ƙara ruɗa ƙwaƙwalwar tsoho. Idan damuwar ta yi tsanani, ko yana maganar gara ya mutu, ko ya ƙi ci da sha, wannan aikin likita ne, ba a jira.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, asibitocinsu irin na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri sun yi wa mutumin ƙauye nisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958. Roƙonmu ga ma'aikatun lafiya na jihohi: a horar da ma'aikata biyu a kowace cibiyar lafiya ta matakin farko, a ba su takardar PHQ-9 da Hausa, a sa mai duba aikinsu duk wata, kuma duk dattijon da ya zo awon hawan jini a tambaye shi barcinsa, cin abincinsa, da wanda yake hira da shi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, Kano.