Amsa ga ɗana da ya tambaye ni kan Djibo Bakary

Ɗana, ina gaisuwa.

Ranar da ake hira da ni a rediyo ka bugo waya ka ce: "Baba, Djibo Bakary mutumin yamma ne, kuma ya faɗi ƙuri'a. Mu Damagarawa me ya haɗa mu da shi?" Lokaci ya ƙure ban amsa ba, maganar kuwa ta tsaya mini a rai.

Gaskiyarka, a Soudouré aka haife shi, kusa da Yamai, a 1922. Amma dubi sunan jam'iyyarsa: Sawaba. Kalmarmu ce, ta bakin wanda wuya ta isa. Su wa suka riƙe ta a nan Zinder? Teloli, direbobi, 'yan dako, 'yan kamasho, da mata masu tuwon sayarwa a Zongo, mutanen da suka ga aikin tilas da idonsu kafin a soke shi a 1946.

Mahaifina tela ne a bakin kasuwar Dole. Yana da wata takarda mai hoton raƙumi, alamar Sawaba. Da aka haramta jam'iyyar a 1959, sai ya ninke ta huɗu ya cusa cikin aljihun kekensa, ƙarƙashin zare da allurai. In jandarma ya gitta, ƙafarsa ba ta barin taka keke, amma ni da ke zaune a gindinsa ina ganin zufa na bin wuyansa.

Batun faɗuwa kuwa: ranar 28 ga Satumba 1958, da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ko Nijar ta ci gaba da zama tare da Faransa ko ta karɓi 'yanci nan take, Djibo ne ke shugabantar gwamnatin Nijar. Da ya ce wa De Gaulle, jagoran Faransa, "e", da ya zauna kan kujerarsa lafiya lau. Ya ce "a'a", 'yanci yanzu. Faransa ta turo gwamna Colombani, aka juya sarakuna, "e" ta yi rinjaye. Ya rasa mulki, ya yi gudun hijira a Mali da Gana da Gine. Ɗaukar makamin da 'yan Sawaba suka yi a 1964 kam ina ganin kuskure ne, ya ci samari da yawa, har yau abin na yi mini ciwo. Da ya dawo bayan juyin mulkin 1974, shugaban mulkin soja Kountché ya kulle shi. Ya rasu a Yamai a 1998.

Mahaifina bai taɓa shiga lakwal ba, amma ranar ƙuri'ar 1958 ya rufe kekensa ya je ya jefa "a'a" alhali Nasara na mulki. Takardar tana wurina, ninkin ya fara cin wuyan raƙumin. Ka zo bayan la'asar in nuna maka.

Naka,
wani dattijo daga Birni