Irmiya ma ya sayi gona ana tsakiyar yaki

Malam Edita, barka da aiki. Dan Allah a dan bani fili in yi magana da 'yan uwana Kirista, musamman matasanmu, don yanzu duk inda ka zauna dasu bayan an tashi sujada zancen daya ne, wai kasar nan ta gama, ko dai mutum ya nemi fasfo ya gudu ko ya nade hannu ya zuba ido.

Ni ban ce karya suke ba fa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saya kasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, kuma a 2023 din dai cuta ta fada wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko, mutum ya ci bashi ya shuka, ya je tono sai rubabbiya yake cirowa tana wari. Ga masu garkuwa da mutane, iyayen daliban Bethel Baptist da aka kwashe a Yulin 2021 su suka san dacin wannan.

Abin da ke bata min rai shine maganin da wasu masu wa'azi ke bamu. Daren shiga sabuwar shekara a rike makirfo ana ihu, wai bana kowa zai hau mota, kawo baiko na musamman kawai. Watan Maris ya zo yaro ko kudin acaba bashi da shi, sai ya fara jin haushin ikilisiya, har ya koma jin haushin Allah da bai taba yi masa wannan alkawarin ba.

A bude Irmiya sura 32 a karanta a natse. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a gidan sarki Zedekiya saboda ya fito fili yace birnin nan zai fadi, wato bai yi wa kowa dadin baki ba. A cikin wannan halin ne dan baffansa Hanamel ya zo yana masa tallar gona a Anatot. Wa zai sayi gona abokan gaba na bakin kofa? Amma Ubangiji yace ya saya, ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda gaban shaidu, ya mika wa magatakardansa Baruk yace a sa ta cikin tukunyar kasa don ta dade bata lalace ba, domin wata rana za a sake sayen gidaje da gonaki a kasar. Inda ya fi burge ni, bayan ya biya sai da ya koma yana addu'a yana cewa ya Ubangiji ga birni zai fadi amma kace in sayi gona, shima abin ya daure masa kai kenan, amma kudin dai ya riga ya biya. Birnin kuwa ya fadi, shi kansa Masar aka tafi da shi daga baya.

Irin wannan begen nake nufi, kuma mun gan shi a nan gida. A Oktoban 2014 Boko Haram suka kama Mubi, suka shiga hedkwatar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos da zama, majami'u da yawa aka kona, yawancin 'yan matan Chibok ma 'ya'yan wannan ikilisiyar ne. Amma da aka samu sarari mutane suka koma, suna sujada karkashin bishiya ko rumfar kwano kusa da bangon da ya kone, damina ta sauka suka dauki fartanya. Ba wanda ya basu tabbacin ba za a dawo musu ba. Makwabtanmu Musulmi ma ai suna fada, ba a yanke kauna daga rahamar Allah.

A wajenmu zumuntar mata sun fi mu maza gane wannan, basa dogon turanci, adashensu suke zubawa duk sati, wadda citta ta karya aka bata kwasa ta farko ta sayi irin masara da waken soya.

Don haka rokona ga fastoci da dattawan ikilisiya, idan an tara baikon godiyar kaka bana a ware wani kaso a sayi iri da taki a raba wa gwauraye da matasan da suka rasa jari, fentin majami'a da sabon janareta su jira wata shekara. Kai kuma Malam Edita, ka tura wakilinka Michika da Mubi ya zauna da wadanda suka koma, a buga mana yadda suka yi suka sake rufa gidajensu.

Naku,
Wani mai karatu daga Kachia, jihar Kaduna