Barka da Sallah daga Bronx

Assalamu alaikum Hajiya, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana ya karɓi ibadunmu. Na san ku kam yanzu an sauko idi tuni har an fara yawon gaishe-gaishe tunda kun riga mu da awa 5. Mu nan da aka idar kowa ya kama gabansa, baban yara ma daga masallaci wajen aiki ya wuce da babbar rigarsa a jaka, don su ba ruwansu da wata Sallah. Yara dai suna gida, tun 2015 aka saka ranar idi cikin hutun makarantun gwamnati na New York, wannan kam sun kyauta.

To Hajiya kar ku yi min dariya, abincin Sallata yau makaroni ne da ciz, wato cukun Turawa. Jikokinku ne suka tasa ni gaba tun ana azumi, wai shi suke so. Wata makwabciyata baƙar fatar Amurka, musulma ce, ita ta koya min, su a wajensu abincin taro ne, ba a bikinsu na Nuwamba ba shi, kuma ba kowa ake yarda ya dafa a dangi ba sai wadda aka san hannunta ya faɗa.

Makaronin ake fara dafawa amma ba a bari ya yi luguf, da sauran ƙarfinsa ake tacewa don zai ƙarasa a obin. Sai a narka bota a tukunya a zuba fulawa kaɗan a juya, a dinga tsiyaya madara ana damawa har ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, sannan a zuba gurzajjen ciz ɗin cheddar. Ba irin cukun Abzinawa busasshen nan ba ne fa, wannan narkewa yake yana yauƙi. Wasu ma ƙwai da madarar gwangwani suke sawa ba fulawa. A haɗe da makaronin a juye a tire, a barbaɗe sama da sauran ciz, a sa a obin wuta 350 a lissafinsu, wajen 180 kenan a namu, bayan kamar minti 30 sama ya yi ja gefe ya yi ƙanzo. Ni dai na jefa attarugu da magi don gishiri da masoro kawai ba za su kai min ba. Ya yi daɗi wallahi, ƙaramin ma ƙanzon yake bi yana ɓantara.

Amma da na ajiye tiren nan sai na rasa wa zan aika wa. Abin da ya karya min zuciya kenan. Yanzu na san tsakar gida cike yake da kwanuka, tanda tun asuba tana wuta, wainar nan taku da miyar taushe mai kabewa da tantaƙwashi, ana ta kiran yara, ke kai gidan Liman, kai kai gidan mai unguwa, kwano ya fita da waina ya dawo da tuwon shinkafa ko funkaso, har a rasa kwanon wa ke hannun wa. Nan kuwa sai ka buga waya kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum. Na zuba wa makwabciyar tawa na kai mata da kaina, ta ce na ci jarrabawa amma yajin ya sa ta tari.

Gobe hawan Daushe, in an yi dan Allah Auta ta ɗauko min bidiyo a Ƙofar Kudu, ba wanda ake ganin ƙeyar mutane kawai ba.

A gaida Baba da kyau da kyau, ya ƙafar tasa? A ce ya rage yawon kasuwa. A gaida Yaya Babba da matansa, Kawu, mutanen Fagge duka. Gwaggo kuwa ku zaunar da ita ku karanta mata wannan, ku ce kullum ina tuna yadda take ɓoye min wainar farko a ƙasan faifai, turaren wutar da ta ba ni har yau ina lallaɓa shi, yau ma shi na kunna. Auta ki daina karanta saƙona kina shiru, ina gani.

Na turo goron Sallah ta hannun Yaya. In an samu mai tahowa a haɗo min daddawa da kuka, tawa ta kusa ƙarewa.

Taku, Yar Baba.