Wasiƙa zuwa Yamai: Faransanci da littattafan yara

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya baƙunta, yaya zafin Yamai?

Saƙonka ya iso, na kuma gane inda gizo ke saƙar. Kasuwa da Hausa, masallaci da Hausa, mai tasi ma ka yi masa Hausa ya kai ka inda za ka, amma da an shiga biro, wato ofis, an miƙo takarda da Faransanci sai ido ya raina fata. Ka ce an ba ka shawarar ka sayi Harry Potter na Faransanci ka duƙufa. Shawarar na da tushe, sai dai ba da shi za ka fara ba.

Don an ce littafin yara ne, ba shi ke nuna yana da sauƙi ba. Yaron Faransa mai shekara goma ya yi shekara goma kunnensa na shan harshen, ya san sunan tsintsiya da mujiya da murfin tukunya tun bai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Kai kuwa dattijo ne mai kalmomi 'yan ɗaruruwa. Don haka kafin ka biya kuɗin kowane littafi, ka gwada shi a tsaye a gaban mai sayarwa. Buɗe tsakiya, ba shafin farko ba, ka karanta shafi guda kana ƙirga kalmomin da ba ka sani ba. Shafin ƙaramin littafi yakan ɗauki kalma 250 ko kusa da haka. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation, sun nuna cewa sai mutum ya san wajen kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu yake karanta shi cikin natsuwa ba tare da ƙamus ba, wato baƙin kalmomi biyar a shafi. In sun kai goma sha biyu, za a iya lallaɓawa da ƙamus a gefe. In sun haura ashirin, mayar masa da kayansa, wannan ba karatu ba ne, fasa dutse ne, kuma ba za ka wuce babi na biyu ba.

In duk abin da ka ɗauka ya fi ƙarfinka, sauka ƙasa ba kunya. Akwai littattafan da aka sauƙaƙa musamman don masu koyo, kamar jerin Lire en français facile na kamfanin Hachette, da matakinsu a rubuce a bango: A1, A2, B1. Ka cinye huɗu ko biyar tukuna. Ka leƙa wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, musamman kusa da makarantu.

Littafin gaske na farko da zan zaɓa maka shi ne Le Petit Nicolas, wanda René Goscinny ya rubuta, Sempé ya yi wa zane, ya fito a 1960. Gajerun labarai ne, kowanne 'yan shafuka, ka gama ɗaya kafin shayi ya huce. Yaro ne ɗan firamare ke ba da labarin da bakinsa, saboda haka Faransancin baka ne aka zuba a takarda: on a madadin nous (duka biyun "mu" ke nan), da kalmomin aji da gida da filin wasa suna ta dawowa har su zauna maka ba ka yi hadda ba. Babban amfaninsa kuwa shi ne yana ba da labari da passé composé da imparfait, salo biyu na faɗin abin da ya wuce, waɗanda su ne za ka ji a bakin mutane. Bambancinsu ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe: il a mangé ya ci ke nan, il mangeait kuwa yana ci, a lokacin da ake labarin. Aibinsa guda, wasu kalmomin na yaran wancan zamani ne, in ka yawaita drôlement a hira za a ji ka kamar tsohon fim. Akwai kuma Akissi na Marguerite Abouet, labarin wata yarinya sarkin ƙiriniya a Abijan, mai zane-zane, wanda duniyarsa ta fi kusa da wadda ke ƙofar gidanka. Astérix kam ka bar shi sai nan gaba, rabin daɗinsa wasa da kalmomi ne, za ka ga hoto kana murmushi alhali barkwancin ya wuce ta samanka.

To, Harry Potter à l'école des sorciers, wanda ya fito da Faransanci a 1998. Babi 17 ne, asalin na Ingilishi kuma ya kusa kalma 77,000, littafi na biyar a jerin ya haura 250,000. Ribarsa tana ga wanda ya riga ya san labarin, domin sanin abin da zai faru yana cike maka gurbin kalmar da ka rasa. In ba ka taɓa karanta shi da Ingilishi ko kallon fim ɗin ba, ka rasa rabin wannan riba. Sannan mai fassarar ya canza sunaye: makarantar ta koma Poudlard, wanda ba matsafi ba ya koma Moldu, malam Snape ya koma Rogue. Kada ka ɓata dare kana farautar irin waɗannan a ƙaramin ƙamus. Baguette ɗin ciki ma sandar tsafi ce, ba dogon burodin da kake saye da safe ba. In kuma batun tsafin bai kwanta maka ba, ko ba ka son yara su gan shi a gida, ba dole, littattafai ba su ƙare ba.

Babbar katangar ita ce passé simple, wani salon na faɗin abin da ya wuce. Da shi ake ba da labari a yawancin rubutattun ƙagaggun labarai, har da Le Petit Prince da kowa ke ɗauka ruwan sanyi ne. Aikinsa ya yi kama da na "suka" a tatsuniya, suka tashi, suka tafi, suka tarar, shi ke tura labari gaba. Bambancin shi ne mu muna faɗin "suka" kullum, su kuwa ba a hira da passé simple. Saboda haka gane shi kawai za ka yi, ba furta shi ba. Kalmomin aikatau masu bin ƙa'ida ba su da wuya: il parla, ils parlèrent. Masu taurin kai ne ke ɓatar da mutum, don ba su kama da asalinsu. Rubuta waɗannan a kati ka maƙala a bangon littafin: fut daga être, eut daga avoir, fit daga faire, vint daga venir, prit daga prendre, put daga pouvoir, sut daga savoir, dut daga devoir. Ka kula da il vit, yana iya zama ya gani, yana iya zama yana raye, jimlar ce za ta raba gardama. Kusan duk a kan il da elle da ils za ka riƙa cin karo da su, wannan ya rage aikin sosai.

Yadda za ka zauna da littafin kuwa, minti 20 zuwa 30 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin kalma in ta yi kwana shida ba ka sake ganinta ba ta tafi. Karanta labarin ko babin a tashi ɗaya, fensir a hannu, kana ɗiga alama kan abin da ba ka sani ba, ba tsayawa. Sai ka dawo ka duba iri biyu kawai: kalmar da ta fito sau uku, da wadda in babu ita ba a gane abin da ya faru. Kada su wuce goma a rana. Mai duba kowace kalma yakan manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta, ya tashi da dogon jeri a littafin rubutu, labarin kuwa ya zube.

In za ka rubuta suna, haɗa shi da un ko une, kada ka rubuta l'école ko l'argent haka nan, domin l' ta ɓoye jinsin. Kuma kada ka yarda Hausa ta yi maka jagora a nan. Kujera da mota sun dace da une chaise da une voiture, sai ka saki jiki, sai ga rana ta zama namiji, le soleil, wata ya zama mace, la lune, gida ma mace, la maison. Rubuta guntuwar jimlar da kalmar ta fito a ciki, ba ita kaɗai tsirara ba.

Saura kunne, kuma nan ne karatu shi kaɗai yake cutarwa. Mun saba duk harafin da aka rubuta a furta shi, Faransanci kuwa yana haɗiye wutsiyar kalma. Il parle da ils parlent sauti ɗaya ne. Beaucoup boku ne kawai. Les amis kuma lezami, harafin da ya yi shiru ya farka don wasali ya biyo shi. Wanda ya yi wata uku yana karantawa a zuci da lafazin Hausa, ya dasa wa kansa kuskuren da cirewa sai an sha wuya. Nemi muryar littafin da aka naɗa, ka sa a waya, rage saurin zuwa 0.75, ido na bin layi kunne na saurare. Daga nan ka zaɓi sakin layi ɗaya ka karanta da ƙarfi, ka naɗi kanka, ka kwatanta. Ka sa ido kan p da f, da kuma b da v, inda harshenmu ke zamewa: pain burodi, faim yunwa, boire sha, voir gani. In da wani ɗan lakwal a maƙwabta, ka sa shi ya saurare ka minti biyar, yara ba sa jin nauyin gyara babba in an ba su izini.

Abu ɗaya da littattafan nan za su koya maka a karkace: yara tu suke ce wa juna, wato "kai" na sabo. Shugabanka a wurin aiki, da jami'i, da duk wanda ba ku saba ba, vous na girmamawa ne har sai shi ya sauko da kai.

In ka samo Nicolas ɗin, ɗauki hoton shafi ɗaya da ɗige-ɗigen fensirinka ka turo, daga yawansu za a san ko ka tsaya a kansa ko ka sauka mataki guda. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka amini