Yaranmu Na Ƙona Amfilifaya Wajen Neman Tartsatsin Tesla, Mu Zaunar Da Su Mu Koya Musu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan uwana masu gyaran kayan wuta da kuma iyayen yara a nan Kaduna.

Na fi shekara ashirin ina gyaran rediyo da amfilifaya a Tudun Wada. Watan jiya na dawo daga sallar la'asar, tun daga bakin ƙofa na jiyo ƙaurin roba. Ɗan ƙanwata da nake koya wa aiki, ɗan shekara 16, yana tsaye jikinsa sai rawa yake. A kan tebur ga amfilifayar wani mai sauti a gidan biki, wadda maɓallin ƙara murya kawai aka kawo in canza. Da na kwance ta, taransista huɗu, 2SC5200 da abokan aikinsu 2SA1943, duk sun tafi, fiyus ya narke.

Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai idona ya faɗa kan abin da ya jona mata. Bututun famfo ne na roba, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, ya nannaɗe shi da siririyar wayar tagulla da ya warware daga matacciyar fanka da ya sayo a Panteka. Zagaye kusan 900, babu wanda ya hau kan ɗan uwansa, ya bi su da banish sai ƙyalli suke. Dare uku ya yi yana wannan naɗi da fitilar waya. Wallahi hannuna da kansa ya sauka. Na ce, "Me kake nema?" Ya ce, "Kawu, kwayil ɗin Tesla ne, na gani a bidiyo yana fitar da walƙiya har yana yin kiɗa."

Nikola Tesla ya ƙirƙiro wannan na'ura a Amurka a 1891, kuma sirrinta irin na lilo ne: in ka tura yaro daidai lokacin da ya dawo, ɗan turi kaɗan sai ya yi ta ƙara nisa. Dogon naɗin nan yana da nasa saurin kaɗawa, ɗan ƙarami irin na yaron nan yakan kai ɗaruruwan dubbai a sakan ɗaya. Ita kuwa amfilifaya an ƙera ta ne don kunnen ɗan Adam, daga bugu 20 zuwa 20,000 a sakan. Ko kusa ba ta isa wurin ba. Sannan ta saba da lasifika mai om 4 ko 8, wato ma'aunin yadda abu ke tare wuta. Shi kuma sai ya jona mata wata kakkaurar waya daban mai zagaye biyar, wanda a wurinta daidai yake da haɗa baki da baki. Ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta ƙone nan take. A bidiyon kiɗan da ya gani ma, ba amfilifaya ce ke ba naɗin wuta ba. Akwai wani allon lantarki daban da ke kunna tartsatsin yana kashe shi bisa sautin waƙar, tartsatsin ya ɗumama iska, iskar ta yi ƙara.

Asarar taransista na biya daga aljihuna, mai kaya ya karɓi abinsa bai ma sani ba sai da na faɗa masa. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da yaron ya yi daga baya, cewa shi da abokansa sun shirya su nemo taransfomar tsohuwar na'urar ɗumama abinci, wato maikurowef. Jama'a, wannan taransfoma tana ba da bolt kusan 2,000 da ƙarfin da ke tsayar da zuciya, taɓawa ɗaya ta isa. Taransfomar bayan tsohon talabijin mai ƙeya, da ke aiki a bugu 15,625 a sakan, ita ma tana da haɗari. Ita amfilifaya na iya tuƙa ta, shi ya sa ake ganin ta yi a bidiyo, amma wutar da taransfomar ke fitarwa takan haura bolt 20,000. Ko manyan kwandansa na cikin amfilifaya, wato ma'ajiyar caji, suna riƙe wuta bayan an zare soket. Ni kaina akwai tabo a ɗan yatsana tun ina yaron shago.

Hana su ba zai yi ba. In ka kore shi daga shago, a ɗakin uwarsa zai yi, kusa da katifa da ƙannensa. Don haka na zaunar da shi. Muka ajiye amfilifaya gefe, muka ɗauki taransista guda ɗaya, rezisto ɗaya, da batir mai bolt 9, muka jona wa naɗin nasa. Na ce ya kusanto da ƙwan fitila mai farin haske. Ƙwan ya kama a hannunsa, babu waya ko ɗaya a jikinsa. Ya ce, "Kawu, ka gani! Ka gani!" har maƙwabcina tela ya leƙo. Daga matacciyar amfilifaya kuwa akwai abin ɗauka da yawa: ƙarfen sanyaya taransista, 'yar fanka, akwatin kanta. Na kafa masa sharaɗi: ba ya kunnawa sai ina nan, ba a kusa da wayar salula ko kayan mutane ba, kuma kada mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya matso.

Roƙona ga malaman fannin lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da iyayen gidanmu na Panteka shi ne a ware ko da Asabar ɗaya a wata, a tara irin waɗannan yara a nuna musu yadda ake auna wuta, yadda ake sauke cajin kwandansa, da dalilin sa hannu ɗaya a aljihu in ana aiki da babbar wuta. Ni na riga na fara da huɗu a shagona bayan la'asar. Benci ɗaya gare ni da mita ɗaya, kuma ran Asabar da ta wuce wasu biyu sun zo sun tsaya a bakin ƙofa da bututunsu a hannu.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Kaduna.